Ni da esin tsohuwar Camry, daga 8 ga azumi har bayan sallah

Asabar, 8 ga Maris 2025

Toh na yanke shawara, esin motar nan, wato na'urar sanyaya cikinta, ni zan gyara shi da hannuna, in ya ƙarasa lalacewa ma ai dama ba aiki yake ba. Zan riƙa rubuta abin da na yi rana-rana saboda ni akwai mantuwa, kuma wataƙila wani mai irin motar ya ƙaru.

Motar Camry ce ta 2001, mai silinda huɗu, injin 2.2. Dillalin da ya sayar min ya rantse wata Hajiya ce mai ita, ba ta fito da ita sai ranar biki, kun dai san bakin dillalai. Inji lafiya, giya lafiya, amma esi tun bara yake wasa da hankalina. Sau uku ina kai ta wajen masu esi kuma duk zuwa karatun ɗaya ne, "Alhaji gas ne ya ƙare", a ɗaura tiyo a ɗura, in biya, in kama hanya da sanyi har ina rage fanka, bayan wata guda ya koma hura min iskar gidan burodi. Na ƙarshen ma ko sati uku bai rufa ba.

Yau ne abin ya kai ni bango. Na ɗauko uwargida da yara daga Yelwa za mu Wunti a nan garin Bauchi sayen yadin sallah, ƙarfe biyu na rana, ga azumi a baki ga cunkoson keke napep, in ka sauke gilas ƙura da hucin kwalta, in ka ɗaga kamar an rufe ka a tanda. Autar ta yi ta kuka, uwargida kuwa ba ta ce uffan ba sai fifita take da gefen mayafi, kuma wallahi gara ta yi faɗa da wannan shirun.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan asuba ban koma barci ba, na ɗaga bonet na tsaya ina kallo kamar na san abin da nake nema. Ashe akwai 'yar takarda manne a wurin, shekara huɗu ina tare da motar nan ban taɓa karanta ta ba. Na goge da tsumma sai ga rubutu: HFC134a, wato gas ɗin esi mai suna R134a, giram 800, ƙari ko ragin 50, mai kuma ND-OIL 8. Kenan mota ta faɗi abin da take ci da yawan da take ci, amma a zuwana uku ban taɓa ganin wanda ya ɗora tukunyar gas a sikeli ba, hannu kawai ake sawa a bakin iska a ce "ya yi Alhaji".

Mai tsohuwar mota sosai ya nemi wannan takardar kafin ya sayi komai. Waɗanda aka ƙera kafin wajen 1994, irin su 504 da 505 na iyayenmu, da R12 aka yi su, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana cin rufin ozon da ke tare mana zafin rana, kuma man da ke tafiya da R12 ba ya tafiya da R134a. Sababbin motoci da yawa kuma sun koma R1234yf. Ba a cakuɗa su.

Bututu biyu na gani na alminiyam, mai kauri da siriri, kowanne da 'yar hularsa. Mai kaurin an rubuta masa L, nan ne matsi yake ƙasa, shi ke yin sanyi da gumi in esi na aiki, kuma ta nan ake ɗurawa. Siririn H ne, matsi mai yawa, zafi yake yi, ba wurin wasa ba ne. Bakinsu ma girman ba ɗaya ba, da gangan aka yi haka don kar irina ya ɗaura inda ba nan ba.

Na tada mota na danna esi, fitila ta kawo amma kwamfureso, wato injin da ke matsa gas ɗin, ko gezau. Fambel na juyawa, farantin gaban nan kuwa, wato kulocin, yana tsaye, babu ƙat ɗin nan da ake ji in ya kama. Na duba fiyus, lafiyarsa lau.

Talata, 11 ga Maris

Na yi abin da kowa ke yi. Na sayi gwangwanin gas ɗaya mai giram 340 da ɗan tiyo mai ƙaramin geji, wato agogon awon matsi, a jiki. Yaron shagon ya so ya haɗa min da wani wai mai toshe ɓula da kansa, kuɗina ne ba su kai ba, ba wayo ne ya hana ni ba.

Bayan la'asar na ɗaura a L, na tada mota, esi a ƙure, na buɗe. Ko minti biyu ba a yi ba sai na ji ƙat, kwamfureso ya kama, silo ya ɗan sauka ya dawo. Gwangwanin ya yi sanyi har ya fara raɓa ya rage gudu, ni kuma ga gajen haƙuri ga magariba na matsowa, sai na kifa shi kai ƙasa ina girgizawa kamar mai kaɗa nono. Ta shanye tas. Na shiga mota, sanyi! Ba irin na sabuwa ba amma dai sanyi ne. Na kira uwargida ta zo ta sa hannu, ta ce "Toh Malam, Allah ya sa ya ɗore", na ce ke dai ba kya iya yabon mutum. Yau da taƙama na sha ruwa.

Litinin, 17 ga Maris

Ya tafi. Kwana shida. Tun jiya na ji ya ragu na yi ta yaudarar kaina wai rana ce ta yi yawa, yau a shataletalen Wunti kwamfureso ya fara kamawa yana saki, kamawa yana saki, kafin in kai gida ya yi tsit. Babu wanda ya ce min komai a gida, amma na ga mafici ya koma cikin mota.

Laraba, 19 ga Maris

Akwai wani dattijo mai gyaran firij da esin gida a bayan layinmu, masallacinmu ɗaya, kowa Baba yake ce masa. Bayan tarawi na tare shi na karanta masa komai. Ya bari har na kai aya sannan ya ce, "Malam, gas ɗin esi fetur ne?" Na ce a'a Baba. Ya ce, "To yaya kake cewa ya ƙare? Firij ɗin gidanka shekararsa nawa, sau nawa ka ƙara masa gas?" Na yi shiru, don firij ɗin nan cikin kayan ɗakin uwargida ya zo kuma ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe bayansa ba.

Yadda ya warware min, gas ɗin ba ƙonewa yake ba, zagaye kawai yake a rufaffiyar hanya. Kwamfureso ya matse shi ya yi zafi, ya wuce kwandensa da ke gaban lagireto iska ta huce shi ya zama ruwa, ya bi ta diraya ta tsotse danshi, sai ya kutsa ta wani matsattsen bawul ya faɗa kwandon sanyi da ke bayan dashbod, a nan yake tafasa ya koma iska ya kwashe zafin cikin mota, ya sake komawa kwamfureso, haka dai har abada. R134a in yana fili a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, shi ya sa ruwansa in ya taɓa fata sai ya ƙone ta da sanyi, ido kuwa ba a magana. Ya ce mota dai akwai tiyon roba akwai girgiza, tana iya rage ɗan kaɗan cikin shekaru, amma abin da ya ɓace a kwana shida ɓula ce, kuma duk wanda ya ɗura bai nemi ɓular ba ruwa ya zuba a kwando. Na ce har ni kenan Baba, ya ce "Ai kai ne na huɗu."

Da na faɗa masa na kifa gwangwani sai ya riƙe baki. In ka kifa ruwan gas ne ke shiga ba iskarsa ba, kwamfureso kuma iska aka yi shi ya matsa, ruwa ba ya matsuwa, in ya haɗiyi da yawa lokaci guda sai ya karya 'yan bawul ɗin cikinsa. Ga shi ban kori iskar cikin tiyo ba kafin in buɗe, na tura iskar duniya da danshinta ciki. Wancan mai toshe ɓula kuwa cewa ya yi in gode wa talaucina, don ba ɓula kaɗai yake toshewa ba, yana iya liƙe matsattsen bawul ɗin nan har da gejin wanda zai zo gyara daga baya.

Ya yarda zai ara min kayan aiki amma da sharaɗi, ranar zuƙe iska da ranar ɗuri sai yana wurin. Na taho da geji mai agogo biyu, shuɗi na L, ja na H, da tiyo uku, na tsakiyan ruwan ɗorawa. Sai dai bakin nasa mai zare ne na firij, dole in sayi kawunan da ke hawa bakin mota guda biyu.

Asabar, 22 ga Maris

Ranar farauta. Na ɗaura geji mota a kashe, allura ta tsaya wajen 20 a lissafin psi, duka ɓangarorin biyu. Ma'aunin zafin da na rataya a inuwar darbejiya yana nuna 35, kuma a irin wannan zafin in da ruwan R134a a ciki wajen 114 ya kamata a gani. Ga dalilin shirun kwamfureso nan, akwai makunnin tsaro da ke yanke masa wuta in matsi ya faɗi ƙasa da kamar 28, saboda gas ɗin ne ke yawo da mai, in babu gas a bushe zai yi ta juyawa har ya ci kansa. Ashe masu jona waya kai tsaye su tilasta masa tashi kabarinsa suke haƙawa.

Abin da Baba ya nanata min har sau biyu, wannan lambar ta mota a kashe ba ta faɗin yawan gas. Kamar tukunyar gas ɗin girki ce, ko a cike take ko saura kwata, muddin akwai ruwa a ciki matsin ɗaya ne, zafin gari ne ke ɗaga shi ko ya sauke shi. Don haka 114 ba ya nufin ta cika, amma 20 na nufin an share gida.

Da 20 ba za a ga ɓula ba sai an ƙara matsi. Ƙanina da ya zo kallo ya ce ai ga mai walda nan kusa, a aro tukunyar oksijin ɗinsa mana. Baba ya juyo ya ce, "Kai yaro, in kana so sallar nan ta same ka a duniya kar ka ƙara faɗar wannan." Oksijin mai matsi in ya gamu da mai ba ya jiran ashana. Naitirojin ake sawa, busasshe ne kuma ba ruwansa da wuta. Ya aiki yaronsa ya ɗauko 'yar tukunyarsa, muka sa har 150.

Na kaɗa ruwan omo a robar da ake fesa wa kaya ruwa wajen guga, na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da na koya, tun kafin kumfa ka nemi inda ƙura ta manne ta yi baƙi tana maiƙo, don inda gas ya fita mai na biye da shi, ƙurar hunturun Bauchi kuma ba ta barin maiƙo ya ɓuya. Kwandensa ba komai. Diraya ba komai. Na fara sarewa ina cewa shikenan ta cikin dashbod ce, wadda sai an kwance rabin mota kafin a kai gare ta, sai na kwanta a tabarma na haska ƙasa da tocilar waya, daidai inda tiyon H ya fito daga kwamfureso, wurin ya yi dama-dama kamar gindin kaskon ƙosai. Na fesa. Kumfa ta fara tasowa a hankali ƙwai-ƙwai kamar na kwaɗo. Na yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Ta biyu ƙarama ce, sai da na cire kan gejin na fesa cikin bakin H ɗin kansa na gan ta, akwai allurar bawul a ciki irin ta taya, ita ma tana ɗan tsiyaya.

Muka sauke matsi na kwance wurin. Zoben robar da ke ciki ya bushe ya baje, ina taɓa shi ya rabu biyu. Bai fi zoben ƙaramin yatsa ba fa. Na ɗora shi a tafin hannu na lissafa kuɗin ɗuri huɗu, sai na ji azumin yau ya ƙara nauyi. Na toshe bakin bututun da leda da kyauro don kar ƙura ta shiga.

Talata, 25 ga Maris

Sayayya. Zoben ba kowanne ake sawa ba, akwai waɗanda aka yi don R134a da mansa, yawanci kore ne, na famfo ko na injin ban ruwa ba ya jurewa. Na samu ɗan akwati mai girma daban-daban, da allurar bawul biyu, da man PAG 46 wanda shi ne madadin ND-OIL 8. Na nace sai kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, don man nan shan danshi yake kamar gishiri a damina. Diraya ce ban samu sabuwa a gari ba sai ta hannu da aka ciro a wata motar, Baba ya ce tsohuwar diraya soso ce da ya riga ya ƙoshi, me za ta ƙara sha. Na kira abokina a Kano ya shiga Ƙofar Ruwa ya saya, zai ba direba.

Gas ɗin ne abin tsoro. Jabu ya yi yawa, a jikin gwangwani R134a amma ciki wani abu daban, wani R22 ne na esin gida wanda matsinsa ya fi ƙarfin mota, wani mai kama wuta ne, mafi muni wanda aka gauraya da R40 mai cin alminiyam. A 2011 irin wannan jabun ya sa kwantenoni masu sanyi suka fashe a tashoshin jiragen ruwa a Biyetnam da Barazil har ma'aikata suka rasa rai. Yanzu na fara tunanin na ranar 11 ga wata ma ko mene ne a cikinsa, tunda araha na bi. Wannan karon na sayi uku a wajen wanda Baba ke saye shekara da shekaru, sun fi tsada, na ɗora kowanne a sikelin kicin nauyinsu ya zo ɗaya.

Alhamis, 27 ga Maris

Diraya ta iso na karɓo a tasha, ban cire toshiyar bakinta ba, sai gobe. Yau kwandensa na wanke da ruwa marar ƙarfi, abin da ya fito daga cikinta sai wanda ya gani: ƙura, matattun fara, gashin kaza, har da guntun ledar fiya wata. Ta ina iska za ta bi? Na miƙe 'yan fikafikan da suka lanƙwashe da tsinken sakace, wannan kaɗai ya ci min awa guda da ciwon baya.

Na canza duk zoben da hannuna ya kai, guda shida, kowanne na shafa masa man PAG kafin in zura, ba giris ba, ba baƙin mai ba. Wajen ɗaurewa na riƙe hannuna, alminiyam ne, in ka nuna masa ƙarfi zare ya tafi kuka ya same ka.

Juma'a, 28 ga Maris

Bayan an sauko daga masallaci Baba ya zo da injin zuƙe iska. Na sa sabuwar diraya, na ƙara mai mil 20 da sirinji a madadin wanda ya tafi da tsohuwar, muka ɗaura shuɗi a L, ja a H, na ɗorawa a inji, muka buɗe duka. Minti goma da kunnawa aka ɗauke wuta. Na tada janareto ina ƙunƙuni, ga fetur ɗin da na ɓoye don daren sallah.

Wannan zuƙar ita ce ba a taɓa yi min ba ko sau ɗaya. Iskar duniya in ta zauna a ciki ba ta zama ruwa a kwandensa, wuri kawai take ci ta ɗaga matsi. Danshi kuma ya fi ta sharri, yana daskarewa ya zama ƙanƙara a matsattsen bawul ya tare hanya, sannan a hankali ya ɓata mai ya riƙa cin ƙarfe ta ciki. In aka zuƙe iska sosai ruwa tafasa yake ba tare da wuta ba, ya fita a tururi, shi ya sa ba aikin minti biyar ba ne, mun ba shi 45.

Allura ta sauka ƙasa da sifili, inda lissafin zuƙa na inci ne ba psi ba, ta zo 28 ta kafe. Ni kuma abin da na sani sai ta kusa 30, hankalina ya tashi na ce Baba akwai sauran ɓula. Ya ce, "Malam, tun kana firamare nake aikin nan a garin nan ban taɓa ganin 30 ba, haka gejin yake." Na zauna na yi tunani sai karatun sakandare ya dawo min, ba laifin geji ba ne, tudu ne. Bauchi ta haura mita 600 daga bakin teku, kuma duk hawan mita 300 yana cin kusan lamba ɗaya, saboda iskar da ke danne mu ta ragu. Mutumin Legas ne zai ga 29 da ɗoriya, na Jos kuwa ko 28 ɗin ba zai gani ba. Na faɗa wa Baba ya yi dariya ya ce "Toh yau boko ya biya kuɗin aro."

Muka rufe bawul muka kashe inji muka zuba ido. Cikin rabin awa allura ta dawo 24. Gabana ya faɗi, na fara zargin zoben da na sa ɗaya bayan ɗaya. Baba bai ce komai ba, ya kwance shuɗin tiyonsa ya leƙa bakin, ashe 'yar robar ciki ce ta cinye, ya laluba aljihu ya fito da sabuwa kamar mai fito da goro. Muka sake zuƙa wani minti 45, ana kiran magariba muka rufe, muka bar ta ta kwana a haka.

Asabar, 29 ga Maris

Da na dawo asuba da tocila na nufi mota. Allura na nan a 28 ba ta motsa ba. Alhamdulillahi.

Ƙarfe tara Baba ya zo. Na sa tabarau da safar hannu, ya huda gwangwanin farko ya fara duba matsinsa, gari na 30 ya nuna wajen 97, daidai kenan, da R22 ne da ya haura 150. Ya ce wannan ba ya kama kowane jabu amma yana kama na gangan. Na sassauta tiyon ɗorawa a wuyan geji ya yi fiii na daƙiƙa biyu ya kori iska na ɗaure. Jan bawul a rufe ruf, wannan Baba har hannunsa ya ɗora a kai, don in ka buɗe shi mota na aiki matsin H ne zai dawo cikin gwangwani ya fashe a hannunka.

Gwangwani a tsaye wannan karon. Na buɗe shuɗi mota a kashe, ta ja abin da za ta ja da kanta, sannan na tada ta, ƙofofi a buɗe, fanka a ƙure, ƙanina a kan totur ya riƙe ta a 1500. Ƙat. In gwangwani ya yi sanyi ya rage gudu sai mu tsoma gindinsa a ruwan ɗumi irin na wankan jariri, ba tafasasshe ba.

Muna tsakiyar na biyu sai jar allura ta fara hawa, 250, 280, ta doshi 300. Baba ya ce "Kashe, kashe!" Ya zagaya gaba ya nuna min, fanka biyu ce a bayan lagireto amma ɗaya kaɗai ke juyawa. Na zare soket ɗinta, ciki ya yi koren tsatsa, na kankare na matse bakin na mayar, muka tada, ta tashi da ƙara kamar mai jin haushi, allura ta sauko. A ganina wannan fankar ta daɗe a mace, shi ya sa ko lokacin da ake ɗura min gas in na shiga gosulo sanyin guduwa yake, kuma ban cire tsammanin wannan zafin da matsin ne suka gasa zoben nan ba.

Biyu sun ba da 680, saura 120 daga na uku. Na ɗora shi a sikeli ina kallon lamba na sauka, tana cika na rufe. Wlh raina ya so in ƙarasa juye shi tunda an riga an huda, Baba ya ce, "Ba tuwo ba ne da za a ce a cinye kar ya kwana." In ya yi yawa matsi ne ke ƙaruwa sanyi ya ragu. Shuɗi ya zauna a 32, ja a 225, kuma abin da Toyota ta ce a irin wannan zafin shi ne 22 zuwa 36 a ƙasa, wajen 200 zuwa 228 a sama. Ɗan gilashin leƙen gas ya daina kumfa ya washe, bututun L ya yi gumi sharkaf. Na rufe ƙofofi na soka ma'aunin zafi a bakin iska na tsakiya, waje 36, ciki ya yi ta sauka har 8. Na sake bin mahaɗa da ruwan omo, shiru. Na mayar da hulunan biyu na ɗaure, su ma ashe tsaro ne ba ado ba.

Na miƙa wa Baba kuɗi ya ture hannuna ya ce in dai aiko masa da masa gobe in an ga wata. Da dare kuwa Sarkin Musulmi ya sanar an gani.

Talata, 1 ga Afrilu

Gaisuwar sallah Gombe wajen surukai, kilomita 150 da 'yan kai. Gilas a rufe tun daga gida, kafin gadar Dindima yara duk sun yi barci, ni kuwa sai satar kallon uwargida nake ina jiran yabo. Mun wuce Alkaleri kaɗan sai ta ɗaga ƙafa ta ce, "Malam, ruwa fa ke zubo min." Ga sabon lalle ga takalmin sallah.

Na gangara gindin wata bishiya na taɓa, ruwa ne zalla mai sanyi, ba wari ba maiƙo, kenan ba na lagireto ba ne. Raɓar kwandon sanyi ce da ya kamata ta ɗiga ƙasa ta wani ɗan tiyon roba, na leƙa ƙarƙashin mota ƙasa a bushe ƙamas. Da inji ya ɗan huce na lalubo tiyon, ashe zanzaro ne ya yi gini a bakinsa duk watannin da esi ba ya aiki. Na soka tsinke, laka ta fito, ruwan da ya taru ya biyo ta hannun rigata ta sallah har gwiwar hannu. A haka na shiga gidan surukai, hannu ɗaya a jiƙe.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sati biyu cur. Na sake ɗaura geji kafin in mayar, a 1500 shuɗi 31, ja 220, gilashin leƙe a washe, ƙarƙashin kwamfureso a bushe ba maiƙo. Na kai wa Baba kayansa. Gaskiya in da sayen geji da injin zuƙa da tukunyar naitirojin zan yi don mota ɗaya da ban ci riba ba, gara in nemi mai esi na kirki in tsaya a kansa sai ya nuna min kumfa da sikeli. Ragowar gwangwanin, giram 220, yana ƙarƙashin gado a inuwa bawul a rufe, ban bar shi a but ba don rana.

Maƙwabcina mai 406 ya tare ni ɗazu wai ya ji ina ƙara gas, na ce ya zo Asabar mai zuwa da omo da tabarma, in Baba ya yarda ya sake ara. Gilashin bayan direba kuma tun shekaranjiya ya ƙi sauka, amma tunda yanzu ba mai neman sauke shi, zai jira albashi.